Yadda ake kallon tsuntsaye da hunturu, da yadda zaka gane baƙon tsuntsu idan ya sauka kusa da kai

Mutane da yawa suna ɗauka da sanyi ya shigo shikenan harkar kallon tsuntsaye ta tsaya sai an ga bazara, alhali waɗanda suka daɗe a harkar sun san hunturu ne ma lokacin da abin yafi daɗi. Ganye ya zube ko ciyawa ta bushe ba wurin ɓuya sosai, abinci ya yi ƙaranci dole tsuntsaye su taru garke garke a inda ɗan abin ci da ruwa suka rage, sannan ga baƙi 'yan ci-rani da suka baro ƙasashensu saboda sanyi. A cikin waɗannan garken ne ake tsintar tsuntsun da ba a saba gani ba, kuma mafi yawan lokaci ba wani ƙwararre bane yake tsinto shi, wani ne kawai da ya san tsuntsayen wurinsa sosai har idonsa ya tsaya akan guda ɗaya yace kai wannan ba namu bane.

Kafin komai ka gane cewa hunturu iri biyu ne a wajen tsuntsu. In kana ƙasashen arewa irin su Ingila, Jamus ko Kanada, baƙinka suna saukowa ne daga can saman duniya, Sikandinebiya da Saberiya da yankin Aktik. In kuma kana kudu da Sahara ko kudancin Asiya, to tsuntsayen Turai da Rasha ne suke zuwa maka daga wajen Satumba, su zauna har Maris ko Afrilu. Manyan masaukansu a Afirka sanannu ne, Djoudj a Senegal, fadamar kogin Neja ta tsakiyar Mali, fadamar Haɗejiya da Nguru, da tafkin Chadi, nan agwagin gargani da farar shamuwar Turai da masu dogayen ƙafafu na bakin ruwa suke cika maƙil. A da can Turawa basu ma san ina tsuntsayensu suke shiga da sanyi ba, har akwai masu cewa tsattsewa nutsewa take a cikin taɓo ta yi barci, sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta taso dashi tun daga nan har can, gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock har yau. Kuma akwai wani ɗan tsuntsu da bai wuce giram 25 ba, Oenanthe oenanthe a sunan kimiyya, wanda yake tasowa daga Alaska ya ratsa Asiya ya sauka gabashin Afirka, kusan kilomita 14,500 zuwa kawai banda komawa. To tsuntsun da yake irin wannan tafiya ai ba abin mamaki bane wataran iska ta kaɗa shi ko ya ɓata hanya ya faɗo inda ba a zata ba.

Fara da na gida

Shawarar da sababbi basa son ji ita ce wannan: ka manta da neman baƙon tsuntsu tukuna, ka zaɓi wuri ɗaya kusa da kai wanda zaka iya zuwa a kai a kai ba tare da wahala ba, tafki ne, bakin kogi ne, lambu ne, gona ce da aka girbe, ko ma filin da ake zubar da shara, ka riƙa zagaya shi ta hanya ɗaya har ka haddace mazaunansa. Ba sunansu kaɗai ba, yadda suke tafiya a ƙasa, yadda suke kaɗa fiffike, kukan da suke yi in sun firgita, reshen da suke so. Wanda ya kalli agwagwa iri ɗaya sau ɗari shi ne zai lura ranar da wata daban ta shigo cikinsu, wanda kuma kullum yana tsalle daga wannan wuri zuwa wancan yana bin labarin abin da wasu suka gani, zai tara dogon lissafi amma da wuya ya taɓa gano nasa na kansa. Ni dai a ganina na farkon yafi iya kallon tsuntsu ko da lissafinsa bai kai rabin na biyun ba.

Ka samu littafin tsuntsayen yankinka mai zane, ba na duniya baki ɗaya ba, ka riƙa buɗa shi a gida kana duba taswirar da ke gefen kowane tsuntsu, domin ita ce take gaya maka wa ake sa ran gani da hunturu wa kuma ba a sa rai. Manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell kyauta ce kuma tana taimakawa, tana ma iya sauraron kuka ta faɗi mai shi, amma fa ka sani tana kuskure, musamman a yankunan da bata da isassun sautuka, in ta ce maka ga wani tsuntsu da ba a taɓa gani a ƙasarku ba kar ka yarda sai idonka ya gani.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne babba. Zaka ga an rubuta lamba a jikinsa kamar 8x42, wato yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Da hunturu wannan lamba ta biyun tana da muhimmanci saboda rana gajeruwa ce, ga hazo ko gajimare, gilashi mai faɗi yafi shigar da haske. Mai 10 yafi kusantowa amma hannu in yana rawar sanyi hoton ma rawa yake, don haka mai 8 ya ishe ka. Wani abu da mutane da yawa basa yi shi ne saita shi daidai idonsu: rufe idon dama ka juya garen tsakiya har abin da kake kallo ya fito tas a idon hagu, sannan ka rufe na hagu ka juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito, daga nan garen tsakiya kaɗai zaka riƙa taɓawa. In ka hango tsuntsu kar ka sauke kai kana laluben madubi, ka kafe shi da ido ka ɗago madubin ya zo ya same ka, in ba haka ba kafin ka sake nemo reshen ya tashi.

Sauran kuwa rigar sanyi mai duhun launi wadda bata ƙara in kana motsi, hula, safar hannu, takalmin da ruwa baya shiga. Tsayuwa wuri ɗaya tafi tafiya sa jin sanyi, ka saka kaya fiye da yadda kake tsammani. Ɗan littafi da fensir, fensir fa ba biro ba, biro yana ƙin rubutu a sanyi ko a jiƙaƙƙiyar takarda. Batirin waya da na kyamara suna saurin mutuwa a sanyi, ka ajiye su a aljihun ciki kusa da jiki. In ƙura ta hau gilashi ka hure ta tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi, goge shi da bakin riga karce shi yake yi a hankali baka sani ba. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a manyan tafkuna da bakin teku amma ba dole bane a farko, in ka haɗu da masu shi yawanci zasu ce zo ka leƙa.

Yaushe kuma a ina

Sa'o'i biyu zuwa uku na farkon safiya sun fi, saboda tsuntsu ya kwana yana ƙona kitsen jikinsa, gari na wayewa yunwa ce take fito dashi. In sanyin ya yi tsanani sosai ƙananan sukan jira rana ta ɗan taɓa bishiyoyi, sai ka nemi gefen da rana ta fara haskawa kuma iska bata bugawa. Yamma dab da faɗuwar rana ita ma tana da nata, lokacin ne ake komawa makwanci, shaho da mujiya da garken ƙananan tsuntsaye duk zaka gansu suna shigowa wuri ɗaya in ka san inda suke kwana. Ka tsara zagayenka yadda rana zata kasance a bayanka, in tana gabanka duk tsuntsu baƙi ƙirin zai zame maka. A bakin teku kuwa ba agogo ake bi ba, cikar ruwa ake bi, ka isa kamar awa biyu kafin teku ya gama cikowa, ruwan ne da kansa zai riƙa koro maka su kusa kusa.

Ka riƙa duba hasashen yanayi. Baƙi sun fi bayyana bayan wani abu ya canza, guguwa mai ƙarfi takan jefo tsuntsayen teku har cikin tafkunan da ke nesa da gaɓa, sanyi mai daskarar da ruwa yakan kori agwagi da dinya su yi kudu ko su cunkushe a ɗan wurin da bai daskare ba, a ƙasashen rani kuma yayin da ƙananan kududdufai suke ƙafewa kowa yana komawa ruwan da ya rage. Washegarin irin wannan canji kar ka zauna a gida.

Akwai kuma shekarun da wasu tsuntsaye suke yin ambaliya. Wakswin, Bombycilla garrulus, mai tukku da baƙin gemu da ɗan rawaya a ƙarshen bindi, in 'ya'yan itatuwa suka yi ƙaranci a dazukan Sikandinebiya da Rasha sai su kwararo Birtaniya da tsakiyar Turai, kuma abin dariya ba a daji ake ganinsu ba, a wuraren ajiye motoci na manyan kantuna ake samunsu saboda nan aka shuka itatuwa masu jajayen 'ya'ya. Wata shekarar ko ɗaya ba zaka gani ba. Haka farar mujiyar ƙanƙara, a hunturun 2013 zuwa 2014 ta sauko gabashin Amurka da yawan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, bayan ɓerayen da take ci sun yi yawa a arewa ta hayayyafa sosai, yawancin waɗanda suka sauko 'ya'yan shekarar ne. Kenan in kaji an fara ganin irin waɗannan a arewa da kai, ka fara zagaya itatuwa masu 'ya'ya da buɗaɗɗun filaye na wajenku.

Tace garke, nan aikin yake

In ka tarar da garke kar ka kalle shi dunƙule kace agwagi ne ka wuce. Ka samu wuri ka zauna ko ka jingina, ka fara daga ƙarshen hagu kana bi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen dama, sannan ka dawo, sannan ka sake, saboda wanda ya cusa kai a fiffike ɗazu yanzu ya ɗago, wanda ya nutse ya fito, wanda yake bayan wani ya matsa. Abin da kake nema shi ne wanda ya fita daban ko ta girma, ko ta tsayin wuya, ko launin ƙafa, ko kuma yana cin abinci ta wata hanya ba irin ta sauran ba. Baƙon tsuntsu da ya ɓata hanya kusan kullum yana maƙalewa ne a cikin danginsa na kusa, don haka ka san wa yake ɓuya a cikin wa.

Misali ƙaramar agwagwar til. Namijin ta Turai da Asiya yana da farin layi a kwance tare da tsawon fiffike. Ɗan uwansa na Amurka, wanda lokaci lokaci yake tsallako Atlantika, kansu iri ɗaya, girmansu ɗaya, amma nasa farin layin a tsaye yake a gefen ƙirji daga sama zuwa ƙasa. Bambancin kenan, layi ɗaya, a cikin agwagi ɗari uku da suke ta juyi akan ruwa, kuma in tsuntsun ya baka baya ba zaka gani ba sai ya juya gefe. Shi yasa ake zama.

Ko tsuntsayen gul, waɗannan farare masu toka toka a baya da suke cika bakin teku da juji. Yawancin manyansu ƙarshen fiffikensu baƙi ne, to kai bi ƙarshen fiffike kawai zaka yi, in ka ci karo da wanda nasa fari ne fat ba ɗigon baƙi to ka samu ɗaya daga cikin baƙin Aktik, sai kuma a shiga duba girman baki da kai don a raba su. A garken dinya ma haka, ana tsintar ƙaramar nan mai jan ƙirji, Branta ruficollis, a cikin dubban wasu, kuma duk da launinta mai ɗaukar ido wallahi tana ɓacewa a cikinsu kamar babu ita.

Wani abu da yake rikita sababbi shi ne kayan hunturu. Hoton da ke gaban littafi yawanci na lokacin aure ne, amma da sanyi tsuntsaye da yawa sun zubar da wannan kwalliya. Gul mai baƙin kai da hunturu kansa fari ne, ɗan ɗigo kawai ya rage a bayan ido. Raf, wani tsuntsun bakin ruwa, Calidris pugnax, wanda namijinsa yake da tarin gashi a wuya kamar gyale lokacin hayayyafa, da hunturu fes yake ba komai, namijin kuma ya girmi macen sosai har ka rantse iri biyu ne, ƙafafun ma wani ruwan lemo wani kore kore. Mutum nawa suka ɗauka sun gano sabon abu ashe raf ne. Namijin gargani ma baya fito da farar girarsa mai kyau sai hunturu ya yi nisa. Saboda haka ka fi dogara da siffa, wato tsawon baki da lanƙwasarsa, tsawon ƙafa, yadda fiffike ya wuce bindi ko bai kai ba, launi ya biyo baya.

Kunne ma yana aiki. Da yawa daga baƙin nan kukansu ne yake fara tona su kafin a gansu, wakswin yana wata siririyar ƙara mai kaɗawa, in ka taɓa jinta sau ɗaya ba zaka manta ba. Akwai rumbun sautukan tsuntsaye na xeno-canto a intanet, kafin ka fita ka saurari guda biyar ko shida da ake sa ran zuwansu, ba ɗari ba.

Kafin ka buga ganga

Ka ga wani abu daban, zuciya tana bugawa, to tsaya. Tambayar farko ita ce wane tsuntsun gida ne zai iya yin kama da haka? Akwai zabiya ko mai farare fararen gashi a inda bai kamata ba, wannan yana faruwa a kusan kowane iri. Akwai 'yan ruwa biyu, agwagi da dinya da gul sun shahara da aure tsakanin iri biyu na dangi ɗaya, ɗan sai ya fito da kan wannan da jikin wancan. Akwai ƙanana da basu gama rikiɗa ba, manyan gul suna ɗaukar kusan shekara 4 kafin su yi kayan manya. Sannan akwai wanda ya kuɓuce daga keji ko gidan zu, alamarsa bashi da tsoron mutane, gashin fiffike ko bindi ya cinye, ko gefe ɗaya an datse, ko da zoben roba irin na masu kiwo a ƙafa. In duk ka cire waɗannan abin bai tafi ba, to yanzu ka fara aiki.

Hoto tukuna, ko da marar kyau ne. Ɗora kyamarar waya a idon madubin ka danna da yawa, in yana motsi yi bidiyo, in yana kuka naɗi sautin. Bayan haka ka rubuta abin da idonka yake gani tun tsuntsun yana gabanka kuma kafin ka buɗe littafi, wannan sharaɗin kar ka karya shi, domin da zarar ka kalli zanen littafi ƙwaƙwalwa zata fara gaya maka ai ka ga farin layin nan alhali baka gani ba. Rubutun ba sai ya yi kyau ba, kamar haka ya isa: ƙarfe 8:40, rana a bayana, nisa kamar taku 60, ya ɗan fi na kusa dashi ƙanƙanta, baki siriri baƙi ya ɗan lanƙwasa ƙasa a ƙarshe, ƙafa rawaya rawaya amma akwai taɓo, da ya tashi ban ga fari a fiffike ba, bai yi kuka ba. Ka lura har abin da baka gani ba ka rubuta, kuma girma kullum ka auna shi da tsuntsun da ke gefensa, don tsuntsu shi kaɗai a fili ko cikin hazo yana ƙara girma a ido. Ka yi ɗan zane ko baka iya ba, ƙwai biyu ɗaya jiki ɗaya kai, ka ja kibiyoyi kana rubuta launi.

In akwai zobe a ƙafa ko a wuya, launinsa da haruffansa da ƙafar da yake, hagu ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa, duk ka rubuta. Tun 1899 da wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba ake wannan aiki, kuma in ka tura lambar ga masu saka zoben, a Turai ƙungiyar EURING ce take haɗa su, sukan dawo maka da tarihin tsuntsun, inda aka kama shi da ranar.

Kai rahoto, da kuma inda ya kamata kayi shiru

Mafi sauƙi shi ne eBird, shafin tura rahoton tsuntsaye, wanda Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe a 2002 kuma yanzu yana aiki a duk duniya. Kana saka wuri da lokacin da ka fara da tsawon zamanka da duk abin da ka gani, in ka saka tsuntsun da ba a saba gani a wurin ba ko adadin da ya wuce ƙima manhajar zata nemi ƙarin bayani, daga baya wani mai tantancewa na yankin, ɗan sa kai ne, zai iya turo maka tambaya. Kar kaji haushi, ba ƙaryata ka yake ba, kowa ana tambayarsa har manyan. Ƙasashe da dama kuma suna da kwamitin da yake zama akan manyan baƙi, na Birtaniya tun 1959 yake. In baka tabbata ba ka faɗi haka kai tsaye, ka tura hoton ga waɗanda suka fi ka sani kace me kuke gani, mutuncinka a harkar nan yana kan yadda kake iya cewa ban sani ba. Mai gano baƙo duk sati kuma kullum ba hoto, mutane sun san yadda suke karanta rahotonsa.

Rahoton nan ba wasa bane. Wani tsuntsun bakin ruwa mai siririn lanƙwasasshen baki, Numenius tenuirostris, ganinsa na ƙarshe da kowa ya yarda dashi a Merja Zerga ta Maroko ne da hunturun 1995, a 2024 masana suka fitar da binciken da yace ya ƙare a duniya, kuma da irin bayanan masu kallo aka yi lissafin. A ɗaya ɓangaren kuma sai a 2007 aka gano inda wani ɗan tsuntsun fadama na Turai da yake cikin haɗari, Acrocephalus paludicola, yake yin hunturu, a yankin Djoudj.

Amma ba kowane gani ake shelantawa ba. Da hunturu tsuntsu yana rayuwa ne akan lissafi, abin da ya ci yau shi zai kai shi gobe, mafi ƙanƙantar tsuntsun Turai giram 5 zuwa 6 ne kacal kuma haka yake kwana a daren da ruwa ke daskarewa. Duk sanda ka tayar dashi ka ci masa wani abu daga ajiyar. In ya daina ci ya miƙe wuya yana kallonka to ka matso da yawa, ja baya. Kar ka kunna masa kukan 'yan uwansa a waya don ya fito, kar ka jefa dutse don ka samu hoton tashi, masu yin haka suna ɓata wa kowa suna. Mujiya a makwancinta, ko tsuntsun da yake wurin da maharba da masu tarko zasu iya kaiwa gare shi, ko wanda yake cikin gonar wani ko gidan wani, kar ka saka ainihin wurin a Facebook ko WhatsApp, faɗi yankin kawai, ko ka jira sai ya tafi. Ka tuna abin da ya faru da mikiyar tekun Steller, wadda gidanta gabashin Rasha da Japan ne amma guda ɗaya ta ɓullo a Massachusetts da Maine a Disambar 2021, ɗaruruwan mutane suka yi ta tururuwa daga jihohi masu nisa. Ita dai babba ce tana can nesa akan bishiya, amma ka ɗauka irin wannan taron ne akan ɗan tsuntsun da yake cikin shingen wani bawan Allah. In wurin na wani ne ka nemi izininsa kafin ka gaya wa kowa, ka kuma gaya masa gaskiya cewa mutane zasu iya zuwa da yawa.

Tsuntsun da ka tarar matacce ko yana layi yana juya kai, kar ka taɓa da hannu kar ka bari kare ya ɗauka, murar tsuntsaye ta H5N1 ta kashe na daji masu ɗimbin yawa a nahiyoyi da dama tun 2021, ka sanar da hukumar dabbobi ko ta namun daji. In kana zuba musu abinci a gida ka riƙa wanke mazubin da canza ruwan, cuta tana yaɗuwa a wurin cunkoso.

Shiga ƙidaya

Hanya mafi sauri ta koyo ita ce ka bi waɗanda suka iya, kuma hunturu ne lokacin manyan ƙidayoyi. A Amurka da maƙwabtanta akwai ƙidayar Kirsimeti da Frank Chapman ya faro a 1900 don ta maye gurbin gasar harbi da ake yi a ranar, ana yinta daga 14 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, kowace tawaga da da'irarta mai faɗin kilomita 24. A Birtaniya ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB tana da ta lambun gida tun 1979, awa ɗaya a ƙarshen Janairu. Akwai ta kwana huɗu a Fabrairu da aka fara a 1998 wadda yanzu kowa a duniya zai iya shiga da minti 15 kacal ta eBird. Sai ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara a 1967, wadda ƙungiyar Wetlands International take jagoranta a tsakiyar Janairu, ita ce ta shafi Afirka da Asiya da Turai gaba ɗaya, kuma kullum suna neman ƙarin idanu.

Ƙirga babban garke kuwa dabara ce, ido ba mudu ba amma ya san kima. Ƙirga goma a gefe ka riƙe girman gungun a ido, ka ɗora shi sau biyar ka samu hamsin, sai ka riƙa aunawa da hamsin hamsin ko ɗari ɗari har ƙarshe. Yi sau biyu ka ɗauki tsakiya, in ka samu dama ɗauki hoto ka ƙirga a gida ka gwada da abin da ka ƙiyasta, yawancin mutane zasu tarar suna rage adadin ne ba ƙarawa ba. A lambun gida kuma ba tarawa ake ba, mafi yawan da ka gani a lokaci guda shi zaka rubuta, in ba haka ba kurciya ɗaya mai zuwa tana komawa sai ta zama goma sha biyu. Ranar da ka fita baka ga wani baƙo ba ma ka tura lissafin yadda yake, ka danna cewa duk abin da ka gane kenan, saboda masu nazari suna buƙatar sanin inda aka duba ba a samu ba kamar yadda suke buƙatar inda aka samu.